Layi Bakwai daga Kwarin Kanya

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan ce muku ga ta nan ba. Amma ku gyara zama kamar ita ce, domin a ƙarshe akwai hukuncin da za ku yanke.

Shekaranjiya matar ɗana Isyaku ta sauka. Namiji. Kafin shi 'ya'ya biyar ta haifa, duk mata, Allah ya raya su. Suna ranar Lahadi, kuma Isyaku ya bar mini zaɓen sunan, domin ya san akwai alkawari a wuyana. Shekara goma sha uku ke nan da na yi wa Allah alkawari cewa jikana namiji na fari zai ci sunan mutumin da ya zama sanadin fitata daga wani kwari da na faɗa. Lokacin da na ɗauki alkawarin ina kwance a ƙasa, ban san su uku za su zama ba. Yaro kuwa suna ɗaya liman ke raɗa masa.

Ni mai gyaran famfo ne. Aji huɗu na yi a firamare, mahaifina ya cire ni ya kai ni wurin wani mai gyaran injin niƙa. Daga nan na koma famfon tuƙa-tuƙa, na yi shekara talatin a kansa. A ƙarshen aikina ina ƙarƙashin wata ƙungiya mai kula da famfunan karkara. Ƙauyuka sittin da huɗu ke hannuna. In ɗaura akwatin sifana da robobin famfo a bayan babur, in rataya jarkar ruwa, in fita Litinin ko Talata, in kwana inda magariba ta same ni, in dawo gida bayan kwana biyu. Zamani ne mai daɗi. Ka shiga ƙauye mata na tsaye da bokiti babu ruwa, ka fita famfo na amai, ga ƙwaryar fura an ajiye maka a inuwa.

Wata shekara ƙungiya ta raba mana waya, mu wajen ɗari uku a jihohi uku. A cikin wayar akwai manhajar aiki, wadda kan tashi da kanta da zarar an kunna. In ka gama famfo ka ɗauki hotonsa, ka danna, rahoto ya tafi ofis. Ban so ta ba. A ƙauye babu wuta, baturi kuma ba ya jira. Sai na mai da ita agogo. Kullum a kashe take a aljihun ƙirjina. Sau biyar a rana nake kunna ta, in duba ko lokacin salla ya yi, in akwai rahoto in tura, in kashe.

Waɗanda suka haɗa manhajar su uku ne, ma'aikatan ƙungiyar: Munzali, Tasi'u da Haladu. Abokai ne tun makaranta, kwano ɗaya suke cin abinci. Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman shagon wani tela, bayan tashar mota. Fanka ɗaya, buta ɗaya, janareto mai tari kamar tsoho. Duk ƙarshen wata nakan hau in kai ƙorafi, su ba ni shayi. Suna ce mini Baba Maifamfo, ni ina ce musu 'yan danne-danne.

Bari in fara da Munzali.

Ashe kowace manhaja tana magana da kanta. Tana aiki tana rubuta abin da ta yi, kamar maigadin da ke rubuta motar da ta shiga da wadda ta fita, don in abu ya lalace a koma a duba. Tasu ma tana rubutawa, amma irin maganar mai zazzaɓi. "Na gwada." "Ya ƙi." "An samu matsala." Ba lokaci, ba lambar waya, ba a san daga ina ba. In wayar wani ta ƙi tura rahoto, sai su ukun su wuni suna zura wa wannan surutu ido, ba su gane komai ba.

Munzali mutum ne da ba ya iya wuce takalmi a kife bai gyara shi ba. Abin ya dame shi. Ya ajiye duk wani aiki ya zauna wata biyu yana haɗa abin da suke kira laburare. Ba na littattafai ba. Kamar akwatin kayan aiki ne da mutum ɗaya ya haɗa, kowa ya ɗauka ya sa a cikin aikinsa. Ya sa masa suna Magatakarda. Daga ranar, in manhaja za ta faɗi wani abu, sai ta bi ta hannun Magatakarda, shi kuma ya rubuta a fayil, magana ɗaya layi ɗaya. Kowane layi da gurbi shida, kowane gurbi da sunansa: lokaci, lambar waya, wuri, ragowar baturi, nauyin magana, sai ita kanta maganar. Nauyin kuwa iri uku ne: labari, gargaɗi, kuskure.

Ranar da ya yi mini bayani ban tambaye shi ba, shayina kawai nake sha.

Ya ce, "Baba, in ka je ƙauye aka ce maka famfo ya lalace, me kake fara tambaya?"

Na ce, "Wanne. Yaushe. Me ya fara yi."

"Shi ke nan. Ita ma na hana ta buɗe baki sai ta faɗi waɗannan."

"Wata biyu kana koya wa waya magana?"

Tasi'u ya ce, "Saura gaisuwa, Baba. Wata mai zuwa za ta riƙa durƙusa maka."

Sun yi rigima a kan gurbin wuri. Su biyun suka ce a sa shi a layin kuskure kawai, me ya kawo wuri a ƙaramar magana irin "an kunna manhaja"? Munzali ya kafe. Ya ce ko duka layukan su zama iri ɗaya, ko a bar aikin. Suka gaji suka bar shi. Ba wanda ya gode masa, domin aiki ne da ba a gani a fuskar waya. Shekara ɗaya kafin in faɗa kwari ya samu wani aiki a Legas, ya tattara ya tafi. Ranar da abin ya same ni ba ya garin, bai ma ji ba sai bayan an fito da ni.

Sai Tasi'u.

Gajere ne, mai jiki, mai dariya. Ba ya yar da komai. Durowarsa cike take da matattun caja da murafen biro. Abu biyu ya yi.

Na farko, shi ya haɗa hanyar da layukan nan ke barin waya su zo babbar kwamfutar ofis. Rahoto da hoto kaya ne masu nauyi, sai sabis mai ƙarfi. Tasi'u ya ce layukan Magatakarda ba za su jira rahoto ba. Ya sa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowane shi kaɗai, ko saƙon tes ya fi shi nauyi. In sabis ya leƙo na tsawon numfashi ɗaya, layi ɗaya ya fice. In ya iso, ya sauka a fayil ɗin ranar, kowace rana da nata fayil, da kwanan wata a goshinsa.

Na biyu shi ne ya kusa cin aikinsa. Babbar kwamfuta ta fara cika. Manajan ƙungiya ya duba ya ga a cikin layi goma, tara duk labari ne: an kunna, an buɗe shafi, an rufe. Ya ba da umarni a toshe layukan labari daga tushe, a bar gargaɗi da kuskure. Ba mugun mutum ba ne, kuma ni da aka tambaye ni a lokacin da na goyi bayansa. Tasi'u ya ce to, bai toshe ba. Bayan wata uku aka gano, aka ba shi takardar tuhuma. Ya matse tsofaffin fayiloli ya samar da wuri, bai toshe ba. Aka ba shi ta biyu. Ina zaune a bencin ƙofa ranar, na ji da kunnena.

Manaja ya ce, "Tasi'u, me za ka yi da 'an kunna, an kunna' na waya ɗari uku?"

Ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Da na sani, da na ajiye wanda zan buƙata na zubar da sauran."

"Takarda ta uku ta sallama ce."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya dawo kujerarsa ya ci gaba da cin gyaɗa. Bai toshe ba.

Sai Haladu.

Dogo ne, siriri, matsoraci. Ko kare ya gani sai ya canza hanya. A wajen rubuta manhaja shi ne na baya a cikinsu, duk abin da ya rubuta sai ɗaya daga cikin biyun ya bi ya gyara. Saboda haka in za a aika wani ƙauye ya koya mana waya, shi ake turawa. Kwana tara ya yi a bayan babur ɗina. Ya yi kukan baya, ya yi kukan sauro, ya yi kukan tuwon dawa. Amma babban faɗanmu a kan kashe waya ne.

"Baba, ba fitila ba ce. A kunne ake barin ta."

"Agogo ce."

"In ofis na neman ka fa?"

"Su neme ni da azahar."

Kwana tara bai canza ni ba. Ya koma ya gaya wa abokansa, suka yi ta dariya. Abin da ya koyo daga tafiyar ke nan.

To, yanzu kwarin.

Tsakiyar bazara ne, ranar Talata. Na gama famfon Unguwar Tsamiya, na yi azahar, zan wuce Gidan Baushe. Ina ɗaure kaya wata mata da ta zo cin kasuwa ta ce famfon ƙauyensu ya yi wata guda a tsaye, yara na shan ruwan kududdufi. Ƙauyen ba ya cikin jerin da aka ba ni na makon, yana can bayan dutse. Na ce mata zan leƙa. Ban gaya wa kowa ba, ban saba ba. Na bar hanyar mota na bi burtali.

Akwai inda burtalin ya bi bakin wani kwari mai zurfin tsayin mutum uku. Ruwan bara ya cinye ƙasar ta ƙarƙashi, sama kuwa lafiya lau. Tana jin nauyin babur ta zabtare. Da na farfaɗo ina ƙasa, cinyata ta dama a karye, babur a kan sawuna. Jarkar ruwa ba ta fashe ba, na jawo ta da sifana. Wayar kuwa gilashinta ya dagargaje. In na danna maɓalli sai ta yi ɗan gurnani a tafin hannuna, alamar ta tashi, amma fuskar baƙa ƙirin. Ba na iya kira, ba na iya rubutu.

Na yi ihu har murya ta tafi. Makiyaya sun yi kudu da shanunsu tun farkon rani, burtalin ba kowa. Wata kanya ce a bakin kwarin, saiwoyinta a waje, ita ke ba ni inuwa rabin wuni.

Salla da taimama na riƙa yi, da nuni. Lokaci kuwa inuwar kanyar ke gaya mini, da fitowar alfijir, da jan sama. Amma hannu ya riga ya saba. Duk sanda lokaci ya yi, sai in ji yatsana a kan maɓalli. In kunna, in kalli baƙin gilashi kamar zai nuna mini wani abu, in bar ta kusa da ni har in idar, ko Allah zai sa wani ya kira. Ba wanda ya kira, sabis ɗin wurin bai kai na kira ba. In na idar in zare baturin, tunda ba na ganin inda zan danna in kashe. Ban yi haka don na tuna da Magatakarda ba. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba.

Ruwa ya ƙare ranar Alhamis da hantsi. A ranar na ɗauki alkawarin. Na ce, ya Allah, duk wanda ka sa ya zama sanadin fitata daga nan, jikana namiji na fari sunansa zai ci. A lokacin Isyaku ko aure bai yi ba.

A gida, Laraba da yamma ake sa ran ganina. Alhamis da safe matata Kulu ta tura Isyaku ofis. Manaja bai yi wasa ba, ya ba da mota da direba. A Unguwar Tsamiya aka ce na tashi Talata bayan azahar. A Gidan Baushe aka ce ban iso ba. Matar da ta yi mini magana ta koma ƙauyensu, ba wanda ya ji abin da muka ce. Suka bi hanyar mota gefe da gefe suna leƙa rami da gada. Aka kira wayata, a kashe. Aka duba rahoto, na ƙarshe shi ne na Unguwar Tsamiya. Kafin magaribar Alhamis maganar 'yan fashi ta cika unguwa, mata sun fara shiga wurin Kulu suna gaisuwa ƙasa-ƙasa.

Juma'a da safe Haladu ya hau ofis, ya tsaya a kan Tasi'u.

"Layukan nan naka na labari, suna nan?"

"Rage murya, manaja na ciki."

"Buɗe mini na Talata zuwa yau."

Layi ya fi dubu ɗari a fayilolin kwana huɗun. Da irin rubutun da ne, da sun kai Lahadi suna karatu ba su san wanne ne nawa ba. Amma kowane layi da gurbin lambar waya. Haladu ya ce wa kwamfuta ta tace masa lambata, daga azahar ɗin Talata. Kafin ya sauke hannu ta fito da layi bakwai.

Sau goma sha huɗu na kunna wayar a kwarin, bakwai ne suka samu fita. Duka magana ɗaya: an kunna manhaja. Duka nauyin labari. A uku gurbin wuri babu komai, wayar ba ta kai ga gane inda take ba. A huɗu akwai lambobi, kuma lambobin iri ɗaya ne. Suka ɗora su a taswira, suka faɗa tsakiyar daji, kilomita goma sha tara daga hanyar mota, inda ba ƙauye ba famfo.

Dole aka kira manaja. Ya duba taswirar ya daɗe. Ya ce wannan maɓoyar ɓarayi ce, wayar na hannunsu, mai ita kuwa Allah kaɗai ya sani. Ya ce ba zai tura mota da mutane cikin dajin nan ba sai an samu rakiyar jami'an tsaro, kuma rakiya ba ta samuwa kafin Litinin. Kowa a ɗakin ya ga gaskiyarsa, har Tasi'u, har Isyaku da ke tsaye yana share ido.

Haladu bai kalli taswira ba, gurbin lokaci yake kallo. Ya fara karantawa a fili. Huɗu da kwata na yamma. Bakwai saura minti goma. Biyar da rabi na asuba. Biyu saura kwata. Huɗu da minti ashirin. Haka har bakwai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawon da zai saci waya ya riƙa kunna ta lokacin salla kawai, ya kashe, ban taɓa jin labarinsa ba. Dubi baturi, kwana uku kashi ashirin kawai ya ci. Kwana tara na yi a bayan mutumin nan muna faɗa a kan wannan. Hannun Baba ne. Bai motsa daga wuri ɗaya ba tun Talata, kuma na ƙarshen yau da asuba ne."

Manaja ya ce, "In kuma ka yi kuskure?"

"In na yi kuskure ni kaɗai zan shiga hannunsu. In kai ka yi, Litinin gawa za a ɗauko."

Mota dai ba a bayar ba. Haladu ya sauka ya ari babur ɗin tela, ya goya Isyaku. A Unguwar Tsamiya suka samu maharba biyu da suka san burtalin, suka ɗauki igiya da ruwa da ƙyauren wani ɗaki. Ana kiran sallar Juma'a suna shiga daji. Isyaku ya ce mini duk da tsoronsa Haladu bai tsaya ba.

Ranar ban kunna waya da azahar ba, hannu ya ƙi tashi. Wajen la'asar na ji ana kiran Baba Maifamfo daga sama. Na ɗauka kiran tafiya lahira ne. Sai ga doguwar fuskar Haladu ta leƙo ta tsakanin saiwoyin kanya.

Ya ce, "Baba, yanzu ka yarda ba agogo ba ce?"

Na ce, "Ruwa."

A kan ƙyauren suka fito da ni. Likita ya ce da na ƙara wuni ɗaya da ƙoda ta tsaya. Ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce, ga ta kuna gani.

Da na samu bakin magana a asibiti na gaya wa Haladu alkawarin, na ce ga dukkan alama kai ne. Tasi'u na zaune a bakin gado yana cin ayabar da aka kawo mini dubiya.

Ya ce, "Baba, wannan dogon, karatu kawai ya yi. Wa ya kawo layin, wa ya ajiye?"

Haladu ya ce, "Ajiyar da kake zaune a kanta tun Talata ba ka buɗe ba."

Suka kira Munzali a waya suka buɗe murya. Ya saurara har suka gama, ya yi mini sannu, sannan ya ce, "Ku gaya wa Baba wa ya sa wuri a layin 'an kunna', da su wa suka ce ɓata lokaci ne."

A nan na fara jin labarin kamar yadda na ba ku shi. Suka yi ta tsokanar juna har ma'aikaciyar jinya ta kore su. Tasi'u na fita yana cewa, "Bari a haifi yaron tukuna, Baba, sai mu yi kokawa." Na yi dariya duk da ciwo. Ina ganin lokaci na da yawa.

Shekara goma sha uku ina juya abin.

In na ce Munzali, gaskiya ne da bai tsara layin ba, da abin da ya iso ofis "an kunna" ne tsirara, ba lamba, ba wuri, ba lokaci, ba wanda zai san nawa ne balle ya san inda nake. Shi ya kafe a kan gurbin wuri lokacin da biyun suka ƙi. Amma bai yi don ni ba, ya yi ne don ba ya son hargitsi. Ranar da nake lasar murfin jarka yana Legas cikin sanyin ofis.

In na ce Tasi'u, gaskiya ne da bai sa layi na tafiya shi kaɗai ba, da duka sha huɗun sun mutu tare da ni a aljihu. Da kuma ya bi umarni, da wayar ba ta ma rubuta su ba, domin duka labari ne, ba kuskure ko ɗaya. Abincin iyalinsa ya ɗora a kan layukan da bai san amfaninsu ba. Amma taurin kai ne da son ajiya, irin wanda ya sa shi tara matattun caja. Kuma kwana uku maganata na gabansa bai duba ba, da aka duba ma ya bi bayan manaja.

In na ce Haladu, gaskiya ne shi kaɗai ya tuna da fayil, shi kaɗai ya kalli lokaci ya ga mutum a ciki, shi ya shiga dajin da yake tsoro da ƙafarsa. Da babu shi da layukan na nan a tsare, a ajiye, ni kuma ina ƙarƙashin ƙasa. Amma ko harafi ɗaya na Magatakarda ba shi ya rubuta ba, yana cikin waɗanda suka ce a cire wuri. Abin da wasu suka dafa ya ɗauko. Kuma tun Alhamis da safe ya san na ɓata, bai tuna ba sai Juma'a, a tsakanin nan ne ruwana ya ƙare.

Yanzu ƙungiyar ta watse. Famfunan da na sani an cire yawancinsu an sa masu aiki da hasken rana, ba mai neman irina. Ɗakin saman tela ya zama wurin ajiye katifu. Wani lokaci in na bi ta bayan tasha nakan ɗaga kai, ban san me nake nema ba.

Munzali yana ƙasar waje, ya yi furfura, duk Salla sai ya kira ni. Ya ce har yau akwai masu sa Magatakarda a aikinsu, mutanen da bai taɓa gani ba. Tasi'u ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ciwon suga, ya bar 'ya'ya mata biyu. Ni na riƙe kafaɗar makararsa ta dama duk da ƙafata. Haladu ya bar kwamfuta, yana noman citta, duk Juma'a in ya shigo gari sai ya tsaya ƙofar gidana mun gaisa. Jiya ya zo barka. Ya ɗauki yaron ya yi masa addu'a ya mayar.

Kada wani ya ce a ba Tasi'u don ya mutu, ba tausayi na yi wa Allah alkawari ba. Kada a ce Haladu don shi zan haɗa ido da shi ranar suna, kunya ba hujja ba ce. Kada a ce Munzali don shi ne ya yi nisa a duniya. Kada kuma a ce in jira a haifi wasu biyu in raba, na fari na ce, kuma ban san ko zan ga na biyu ba.

Na gama. Ragon suna na ɗaure, liman zai zo da hantsi, zai sunkuyo ya tambaye ni.

To, wanda ya tsara layin, da wanda ya kawo shi ya hana a toshe, da wanda ya karanta ya taso: wane ne a cikinsu sanadin fitata? Sunan wa zan faɗa wa liman ranar Lahadi?